Ranar da Hedimasta Ya Ƙi Bin Layi

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a firamaren unguwarsu, shi ya sa ko bayan ya yi ritaya kowa Hedimasta yake ce masa. Bai taɓa fashin zaɓe ba. Kafin ma'aikata su sauke akwati yana kan layi, takalmi a goge, kati a aljihun gaba.

Ya zaɓi jam'iyya mai mulki don ta yi alkawarin gyara makarantar, ko ƙusa ɗaya ba a buga ba. Ya koma wa 'yan adawa. Da suka hau, sai suka turo mai fenti ya shafe bangon da ke kallon titi, ya tafi abinsa. Da damina ta zo, rufin aji huɗu ya rufta a kan bencina. Allah ya sa ranar hutu ce. Aka garƙame makarantar, yara suka koma tafiyar awa guda zuwa wata, har da jikarsa.

Saura mako biyu zaɓe, sai ga motoci uku a ƙofar gidansa. Ɗan takara ne, tsohon ɗalibinsa, wanda ya sauya jam'iyya sau uku. Ya durƙusa a tsakiyar falo, mai ɗaukar hoto na biye da shi.

"Malam, albarka na zo nema."

"Ce wa wannan ya sauke kyamararsa," in ji Hedimasta. "Ka biyo ta gaban makarantar?"

"Ai tana cikin tsare-tsarenmu, Malam."

"Tsare-tsare! A ajin da ya rufta na kama hannunka ka koyi rubuta sunanka. Na zaɓi waɗancan, na zaɓi waɗannan, duk ku ne, riga kawai kuke canzawa. Tashi ka fice mini daga gida!"

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Haba Malam, baƙo ne fa."

"Ba gaishe ni ya zo yi ba, hoto ya zo ɗauka."

Ranar zaɓe ya zauna a baranda da singileti, ya ƙi ko sa takalmi. Matarsa ta tafi ita kaɗai, ta dawo da tawada a yatsa. Bai tambaye ta wa ta zaɓa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Washegari rediyo ya ce tsohon ɗalibin nasa ne ya ci. Hedimasta ya ja tsaki, ya kashe rediyon, ya ce a ba shi shayinsa.