Idirisu da Gansakukar da Ya Kankare

Kafin rana ta yi zafi Malam Idirisu ya riga ya baro unguwarsu ta Dar Salam a Omdurman, ya sauya mota biyu, ya tsallake gada, ya buɗe wani ɗaki a sashen nazarin halittu na wata jami'a a Khartum. A ɗakin akwai tankin gilashi cike da ruwan gishiri da duwatsun da aka ɗauko daga Bahar Maliya. Yakan duba inda ruwa ya ja baya, ya cike da tataccen ruwan daɗi, don gishiri ba ya bin tururi. Sannan ya ɗiɗɗiga ruwan jir, wato farar hodar da ake shafe gini da ita. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Duk wannan hidima saboda wata gansakuka ce mai ruwan hoda, mai tauri kamar ɓawon ƙwai, wadda ke lulluɓe dutse a cikin teku. Ga ta da nawa: sai ta yi watanni kafin ta ƙara faɗin farce.

Abin dariya, abin tausayi, da ɓarna ya fara aikin. Idirisu ɗan manoman yankin Jazira ne, a gonar auduga ya girma, inda duk abin da ya tsiro ba tare da an shuka shi ba ciyawa ne. A makonsa na biyu aka ce manyan baƙi za su zo, a gyara ɗaki. Bawan Allah ya zage, ya fito da duwatsun, ya sa buroshi ya kankare su fes, ya tsaya yana jiran yabo. Sai ga Sittana, ɗaliba 'yar Omdurman, wadda ta shekara biyu tana auna girman wannan gansakuka don digirinta. Ta dubi tankin, ta zauna a ƙasa.

"Ya Idirisu, me ka yi?"

"Wallahi, Ustaza, datti na ɗauka."

"Khalas, shi ke nan. Shekara ɗaya da rabi ta rage min. In ba ta dawo ba, karatuna ya ƙare."

An so a kore shi, ita ta hana. Shi kuwa ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, har ya tarar da ɗan tabo a ƙarƙashin wani, inda buroshi bai kai ba. Ya ce mata iri ne, kuma shi ya san yadda ake renon iri.

Malam Idirisu, kai ne ka sa aka koya maka awon gishiri alhali ba ka gama firamare ba. Kai ne ka samo robar ƙarin ruwa ta asibiti don jir ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo. Da bazara ta zo, wuta ta riƙa ɗaukewa tun hantsi, ruwan tanki ya fara ɗumi, masu gadi sun gan ka kana zuwa Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, a keke cikin ranar da ke narka kwalta, kana dawowa da ƙanƙara a buhu. Ka ƙulle ta a leda kafin ka sa, don kada ta tsinka gishirin, ka tsaya kana kwarfar ruwa da kofi kana zubawa har wuta ta dawo. Gwanin reno, wata huɗu ka yi a haka ba wanda ya sa ka.

A wata na tara tabon ya haye dutse na biyu. Sittana ta samu abin aunawa, ta gama a kan lokaci. Yau ita ce shugabar sashen, kuma ɗalibai da yawa sun yi karatu a kan wannan tanki ba su san tarihinsa ba.

A walimar sallama da aka yi masa ran Alhamis, bayan an sha shayi, ya matso kusa da ita yana murza hula.

"Dakta, maganar buroshin nan, ki yafe min."

Ta miƙe tsaye a gaban kowa. "Haj Idirisu, ni ce zan roƙe ka. A littafin digirina na gode wa malamaina, na gode wa direban da ya kawo duwatsu. Kai ban sa sunanka ba, don a lokacin ina fushi. Shekara talatin abin yana cina."

Ya ce, "Malesh, ba komai, Dakta. Ai ni ban iya karatun Turanci ba, da ba ki faɗa ba ma ban sani ba."

Mu dai mun sani, kuma mun gode, Malam Idirisu. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Wanda duk ya ɓata wa wani abu a wurin aiki, kada ya tsaya a ban haƙuri, ya zauna ya gyara kamar yadda ka yi. Sunan da aka bari a waje kuwa, ga shi mun rubuta: Idirisu Jibirin, na Dar Salam.