Ɗangana, Wanzamin da Ya Tsaya Mana

Kwalabe ɗari biyu, allura kwali uku, auduga, alkol na goge fata, rajista, akwatin tsare jini daga zafi, jarkar ruwa huɗu, likitoci Nasara biyu, direba, da ni tafinta. Can baya, tsakanin kaya, Ɗangana wanzami rungume da zabirarsa. Haka muka nufi Deule da kakar 1978. Shi ba ya cikin tafiyar. A Buza muka tarar da shi yana jiran mota, direba ya ce a rage masa hanya.

Duk wanda ya san Deule ya san safiyar Ɗangana. Daga masallaci sai wasa aska. Kafin rana ta ɗaga ya aske kai biyar, ya kafa wa mai ciwon baya ƙaho, ya leƙa gidan da aka haihu. Ran suna shi ke aske jariri, shi ke tsaga masa zanen gidansu a kunci. Gidajen nan gadonsu ya yi daga ubansa, don kowane gida da wanzaminsa, kuma ba a sake shi sai da babban laifi. Ni ma shi ya aske ni ran sunana. Da Nasaran suka tambaye ni ko wane ne, na ce wani baƙauye ne.

Abin da ya kawo mu wata alama ce da ke jikin fararen ƙwayoyin jini, wadda mutum ke gada daga uwa da uba. Likitoci suna ce wa irin waɗannan alamomi HLA, da su ake duba ko ƙodar wani za ta zauna a jikin wani. Ɗaya daga ciki, mai lamba hamsin da uku, ta yi ƙaranci a Turai amma ta yawaita a Afirka ta Yamma. Mu yawanta a yankinmu na Adar muke so mu sani. Sharaɗin aikin ɗaya ne: kada a ɗebi jinin dangi, don jinin gida guda ba ya nuna na gari.

Mai gari ya girmama mu yadda ya sani. Ba a tarbar baƙo da bare, sai ya jera mana mutum talatin daga zuriyarsa. Na rubuta sunayensu, na ga ubanni daban-daban, na ce wa Nasara komai ya yi daidai. Shekarata bakwai a Faransa, na manta fuskokin garinmu.

Ɗangana ya bi layin da ido, ya jawo ni gefe.

"Mutari, jinin mutum guda za ku ɗiba sau talatin? Wanga da wancan kakansu guda. Dubi kuncinsu, ni na tsaga. Wanda zane nai ya bambanta kuwa, ɗan ɗiyar gidan na."

Shi ya je ya rarrashi mai gari, ya ce darajar gida a ɗebi na babba shi kaɗai. Sannan ya bi unguwa-unguwa yana tsamo mutum ɗaya daga kowane tushe, gidajen malamai da gidajen da kakanninsu suka yi tsafi, ba tare da ya kunyata kowa ba.

Sai mutane suka tsaya cak, suka ƙi ba da jini. A wurinmu jinin da ƙaho ya zuƙo wanzami ke binne shi da hannunsa, don kada ya faɗa hannun mugu. Ga shi mu muna so mu zuba a kwalba mu tafi da shi. Ɗangana ya naɗe hannun riga, aka fara da shi. Ya tambaye ni a gaban jama'a ko za a dawo a faɗa musu abin da aka gani. Na ce kafin ruwan fari.

Ya juya ya ce, "Kun ji. Ni na tsaya musu."

Kwana tara yana tare da mu, har ƙauyukan Babankatami da Tabotaki. Mutum ɗari da arba'in suka miƙa hannu saboda shi.

Na koma Faransa. Bayan shekara uku takardar binciken ta fito. Adar layi ɗaya ta samu a cikin jerin ƙasashe. Sunaye takwas ne a samanta, nawa na shida, babu nasa. Ban aiko da wasiƙa ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin gwaggona Dela na ji shi, kuma ba ta sassauta mini ba. Ruwan fari ya sauka, na biyu ya sauka. A bakin rijiya aka fara cewa Ɗangana ya sayar wa Nasara jinin gari. Duk wanda ya kwanta ciwo cikin waɗanda aka ɗiba, sai a tuna kwalba. Shekarar fari ta 1984 aka yi rashe-rashe, maganar ta ƙara ƙarfi. Gida goma sha ɗaya suka sake wanzami, har da gidan da ubansa ya yi wa aiki shekara arba'in. Ya ga an ɗauko wani daga Tabotaki ya aske jaririn maƙwabcinsa. Dela ta ce ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba. In an tsare shi, cewa yake yi shi ya ce a bayar, shi za a riƙe.

Kai ne, Baba Ɗangana, ka gyara mana aikin da muka zo da digiri muna shirin ɓatawa. Kai ne ka ɗauki alkawarin da ba bakinka ya yi ba, ka biya shi da gadon ubanka. Na gode, ko da yake godiyar ta makara. Masu zuwa ƙauye da allura da rajista, ku koyi wannan daga wanzami: in kun taɓa jinin mutum, ku tsaya har ku ga ƙarshensa.

Bana, 1987, Ɗangana ya ajiye aska saboda tsufa. Na je gidansa da takardar. Na fassara masa a zaure: alamar tana da yawa a cikinmu kamar sauran maƙwabtanmu, ba ciwo ba ce, ba ta cutar da kowa. Ya tambaya ina jinin. Na ce an ƙone abin da ya rage tun tuni. Ya ce da ma binnewa aka yi.

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ni ban yi zaton kun cuci mutanen gari ba, ɗan lakwal, ɗan boko. Su kuwa ba su san haka ba. Mi ya kawo ka zaurena? Ba ni kaɗai anka ɗiba ba."

Ya miƙe da ƙyar, ya shiga gida, ya tura ƙyaure ya rufe.

Ran Juma'a bayan salla zan tsaya ƙofar masallacin Deule in karanta takardar da Hausa, in faɗi wanda ya yi alkawari kuma ya saɓa. Daga nan Babankatami, sannan Tabotaki.