Mma Hawa ta garin bakin teku

Ina cikin jirgin ƙasa daga Woolwich a nan London da safen nan aka kira ni, wai Mma Hawa ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A tasha ta gaba na sauka na nemi benci, har yanzu ban ƙarasa makaranta ba.

Yawancinku ba ku san ta ba. Bara makarantarmu ta tura ni fieldwork, wato aikin bincike, wani ƙaramin gari a bakin teku, irin garin da baƙi masu yawon shaƙatawa ne abincinsa. Da summer, lokacin zafi, ba masaka tsinke, sanyi na shigowa a rufe shaguna. Aikina shi ne in yi hira da ma'aikatan otal, in ji yadda suke rayuwa idan baƙi sun watse.

Ba wanda ya kula ni. Suna ganina da rikoda sai kowa ya ce aiki ya yi masa yawa. Wata rana na zauna a bakin ruwa ina yi wa Ummata kuka a waya, ina cewa London zan koma. Sai na ji an dafa kafaɗata.

"Kai, yaron wane ne? Hausa ne nake ji haka?"

Dattijuwa ce 'yar zangon Kumasi, tana gyaran ɗakuna a wani otal. A Hausarsu mace ma "kai" ce. Ta ce tun zuwanta garin, sai a waya take jin Hausa.

Washegari ta ja hannuna har ɗakin wankin otal ɗin, ta ce wa abokan aikinta ga 'yarta. Daga ranar bakin kowa ya buɗe.

Garin ba masallaci. A tsakanin tulin zannuwan gado muke sallah, ni da ita.

Ita ta koya min cin wace da shito, shinkafa da wake da yajin mutanen Kumasi. Da ta ga ina rawar ɗari, ta cire rigar sanyinta ta yafa min, ta ce jikinta ya riga ya saba.

Ganina da ita na ƙarshe a tashar bas ne, ranar da zan dawo. An sallami yawancin ma'aikata, titi shiru sai kukan tsuntsayen teku. Na ga ƙafarta a kumbure, ta ce tsayuwa ce kawai. Na ce, "Mma, ki biyo ni London ki yi sanyin nan a wajena." Ta yi dariya.

"In na tafi, wani zai ɗauke ɗakina. Je ka karatu. Summer ka zo ka gaishe ni."

Agata, wata 'yar Poland da suke aiki tare, ita ta kira ni. Da suka ga ba ta fito ba suka buɗe ɗakin, suka tarar rai ya yi halinsa.

Na kira asibitin da aka kai ta. Suka ce ni wace ce a wajenta? Na ce 'yarta. Suka ce ta jini? Na ce a'a. Ba su yi min rashin kirki ba, amma sun ce ba za su ba da gawar ba sai an bincika abin da ya yi ajalinta, sai kuma an nemi dangi.

Wayarta a kulle take. Abin da na sani kawai, tana da 'ya a Kumasi, Rabi, tela ce. Na san watan da otal ɗinsu ke cika da watan da yake zama kango, amma ban san lambar Rabi ba.

Limaminmu ya ce a shirye suke da wanka da sutura, ko yau aka ba su ita. To amma ba a bayar ba. Tana can kwance, ni ina nan riƙe da waya, ban san wa zan kira ba. Rabi kuma wataƙila tana kan keken ɗinkinta yanzu, ba ta san ta zama marainiya ba.

'Yan uwa na zango, na Edmonton a nan London da na gida, don Allah ku tambaya. Wanda ya san wata Rabi tela mai uwa Hawa a Ingila, ya yi min magana.

Allah Ya jiƙan Mma Hawa, Ya yafe mata, Ya sa wahalar baƙunta ta zame mata kaffara, Ya gaggauta kai ta makwancinta. Duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'arsa ta yau. Ku roƙa mana kuma Allah Ya isar da labarin nan ga Rabi ta bakin mai tausayi.