Ranar da Sodangi Ya Ce Mota Ta Cika

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Sabon Birni ya san Sodangi ɗan kamasho, ko da bai san fuskarsa ba haƙarƙarinsa ya san aikinsa. Tun yana saurayi yake lodi, har gemu ya yi fari, kuma ba a taɓa jin ya ce mota ta cika ba. Kalmarsa ɗaya ce: "A muskuta!" Da ita ya taɓa cusa 'yan biki, da buhunan gero, da rago mai ƙaho a a-kori-kura guda, ya kuma tsaya yana cigiyar mai zuwa garin Isa. Wai wani ɗan kasuwa ya shiga motarsa da tumbi, ya sauka Maraɗi yana riƙe da wando.

Wata safiya a teburin mai shayi, rediyo ya ce mutanen duniya sai ƙaruwa suke yi, har masana na tsoron nan gaba ƙasa za ta kasa ɗaukarsu. Sodangi ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Wa ka yi musu lodi?" in ji shi. "Ba wuri ya ƙare ba, ɗan kamasho na ba su samu ba. A ba ni duniyag ga. Masu ƙiba su koma gehe, a aza ƙanana bisa cinya, mutanen Sin su muskuta ma Indiya. Ga hamada can wayam, kamar but ɗin motar da ba a buɗe ba!"

Wada direba ya ce, "To abincinsu hwa?"

"A ɗaure shi bisa."

Ya yi makonni yana lodin duniya da baki, har ya yanke cewa dogaye su zauna bakin teku saboda ƙafa. Abin da bai lura ba, gidansa ma lodi ne. Gonar da ubansu ya bari an raba ta tsakanin 'yan'uwa, an sake rabawa, har rabon Sodangi ya koma kamar tabarmar sallah. A kanta shi da 'ya'yansa da jikoki suke ci. Gero kan ƙare tun ba a ga hadarin fari ba.

Rannan babban ɗansa Is'haƙa ya durƙusa gabansa. "Baba, za ni Sakkwato da iyalina. Gonag ga ba ta ɗaukanmu duka."

"A muskuta mana," in ji Sodangi.

"Mun muskuta, Baba. Tuwo na ba ya muskutawa."

Sodangi ya ɗauka zance ne. Sai ga Is'haƙa ranar kasuwa a tasha, da matarsa Hadiyya, da katifa, da tukwane, da 'yar autarsu Kausar, wadda kullum take zama a cinyar kakanta tana ja masa gemu. Motar Wada ce a kan layi, ba kowa ciki sai wata tsohuwa da akuyarta.

Sodangi ya zabura. Ya tare ƙofar mota da jikinsa, ya ce, "Ta cika."

Mai rake ya bar fiƙa. Wada ya leƙo ta taga. "Ta mi?"

"Ta cika, na ce! Tsohuwa na son miƙe ƙahwa."

"Ni ban ce ba," in ji tsohuwar.

"Akuyag ga kuma ba ta son zahi."

Aka fashe da dariya. Wada ya rantse a kira liman ya shaida, mai shayi ya ce lalle tashin duniya ya matso. Sodangi bai yi dariya ba. Yana tsaye ya baza hannuwa, gumi na zuba, yana lissafa wasu fasinjojin da suka tafi fitsari tun safe, yanzu za su dawo.

Is'haƙa ya ajiye katifa, ya matso kusa, ya rage murya yadda ba mai ji sai su biyu.

"Baba, a muskuta."

Sodangi ya dubi ɗansa, ya dubi Kausar. Shekara da shekaru yana faɗa wa mutane kalmar nan, bai san tana da ciwo haka ba. Ya muskuta.

Ya yi musu lodin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ɗaure tukwane yadda ba za su yi ƙara ba, ya ba Kausar bakin taga, ya hana a ƙara ko mutum ɗaya, Wada na ta ƙunƙuni. Mota ta tashi da sauran wuri a cikinta, abin da tashar ba ta taɓa gani ba.

Da yamma aka shimfiɗa tabarma, aka kawo tuwo, ya ishi kowa har da saura. Sodangi ya zauna ga fili ko'ina, amma ya takure a can gefe, ya gyara cinyarsa inda Kausar ta saba zama. Rediyon maƙwabci na ta maganar duniya za ta cika, shi kuwa yana kallon inda babu kowa.