Sumar Yaron Indiyawa

Tun ranar da tsohuwar ta sauko daga mota rungume da wani ƙunshi, ta hana direba ko taɓa shi, na ce wa maigidana akwai magana a cikin ƙunshin nan. Ya ce ni dai bai taɓa jin na ga abu na ce ba komai ba. Gaskiyarsa ce, haka Allah Ya yi ni, kuma har yau ban ga dalilin canzawa ba.

A Unguwar Dosa muke a lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, maigidana yana aiki a sakatariya. Tsakanin katangarmu da ta wasu Indiyawa ɗan lungu ne, da bishiyar darbejiya a bakinsa. Mijin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun tsallaken kogi, in ya fita da safe sai yamma. Matar kuwa ta iya Hausa irin ta kasuwa, babu kara a cikinta, abin da ke ranta shi take faɗa. Yaya take ce mini. Suna da yaro ɗaya ɗan shekara uku, da suma har gadon baya, rabin unguwa sun ɗauka mace ce. Tsohuwar da ta zo da ƙunshi uwar mijin ce.

Mu da muka saba ganin Indiyawa a fim mun zaci mun san su, ashe waɗannan daban ne. Matar ta ce mini su Jain ake kiran su. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Albasa, tafarnuwa, dankali, doya, duk abin da sai an tona ƙasa kafin a same shi ba ya shiga tukunyarsu, wai tonon yana kashe ƙananan halittu. Rana na faɗuwa sun rufe kicin. Ruwan famfo ma sai an tace shi da farin ƙyalle. Da idona na ga matar ta kwashi kyankyaso a takarda ta kai shi waje ta ajiye a hankali. Na dawo gida na ce wa maigidana, mutanen da suke lallaɓa kyankyaso haka, ni ban yarda babu abin da suke ɓoyewa ba.

Zuwan tsohuwar ya ƙara mini. Kowace safiya, ina shanya, sai in ji 'yar ƙararrawa tana kaɗawa, ƙamshin turaren tsinke yana tsallako katanga. Na hana yarana shiga gidan, na kuma hana su karɓar alawar da ake miƙo musu. Da abin ya ishe ni sai na yafa gyalena na shiga yi wa baƙuwa barka da zuwa, alhali idona nake son kai wa. A kusurwar falo na gan shi, a kan ɗan teburi: dutse ne, bai fi dunƙulen hannu ba, an shafe shi da wani jan abu, ga fitilar man shanu a gabansa, ga 'yan ƙwayoyin shinkafa. Na yi a'uziyya a zuciyata. Matar ta ga inda nake kallo, ko a jikinta, ta ce ai kakansu ne.

Ta ba ni labarin tana yanka kuɓewa. Wai asalinsu mayaƙa ne a wani gari cikin rairayi, masu farauta, masu cin nama. Maciji ya sari ɗan wannan kakan nasu, wani mai zuhudu da ke yawo ba takalmi ya yi sanadin warkewar yaron, kakan kuwa ya ajiye takobi, ya rantse shi da zuriyarsa sun bar zubar da jini, suka koma fatauci. Bayan shekaru mahara suka zo kore shanun garin. Ya fita ya tsaya a gaban shanun hannu rabbana, a nan aka kashe shi. Inda ya faɗi aka kafa masa wuri, kuma tun daga nan duk namijin da aka haifa a zuriyar ba a taɓa kansa da aska sai a gaban kakan, a bar wa kakan sumar fari. Nasu yaron bai cika lafiya ba, likita ya hana doguwar tafiya da shi, ga shi an kusa sa shi makaranta. Shi ne tsohuwar ta ɗauko dutse ɗaya daga wurin ta taho da shi, ta yi alkawarin za a yi askin a gabansa, ita kuma ta koma da sumar da hannunta ta ajiye inda ake ajiyewa.

Na ce Allah Ya kyauta, na fito. Labarin mutumin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba, amma mamaci mai karɓar gashin yara bai kwanta mini ba ko kaɗan.

Ana cikin haka na haihu. Ranar suna wanzaminmu ya zo daga Unguwar Kanawa a kan kekensa, dattijo ne da ya yi wa maigidana ma askin suna. Tsohuwar ta leƙo ta ga yadda yake bi da aska a kan jariri ba ko ƙwarzane, ta aiko surukarta ta roƙe ni in yi masa magana, don askinsu ba a yi da inji. Na so in ƙi. Sai na ga aski dai aski ne, kuma matar ta yi mini hidima a jegon nan fiye da wasu dangina. Na yi masa magana, ya amsa.

Ranar askin ina tsaye a bakin ƙofarsu, na ƙi shiga, na ƙi tafiya. Suka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, suka fito da dutsen a kan faranti. Yaron yana kuka, sumar tana zuba a kan ƙyallen, baƙa wuluk. Baba wanzam ya dubi dutsen, ya dube ni, sannan ya tambayi matar me za a yi da gashin. Ita kuwa da bakinta mara linzami ta ce kakansu za a kai wa. Ya ce yana raye? Ta nuna dutsen, ta ce ya daɗe da mutuwa, ga shi nan.

Ya gama aikinsa tas. Tsohuwar ta ɗauki farantin, uwar ta ɗauki yaro, suka shiga ciki yi masa wanka. Kukan jaririna ya kira ni gida. Ban daɗe da zama ba na ji ana buga ƙofa, matar ce, fuskarta duk ta canza. Ƙyallen yana nan a shimfiɗe, babu ko sili ɗaya a kai, wanzami kuma ya hau kekensa, ko ladarsa bai tsaya karɓa ba.

Ni na san abin da ya faru tun kafin ta rufe baki. A wurinmu gashin yaro ba abin wasa ba ne, da shi ake yi wa mutum sammu, shi ya sa wanzamin kirki ba ya barin sa a fili, binne shi ake yi inda ido bai gani ba. Mutumin da aka nuna wa dutse aka ce shi za a ba wa, me ake so ya yi? Mijin ya je wurin wanzamin da kansa, maigidana ya raka shi. Baba ya ce ya binne, kuma ba zai faɗi wurin ba.

Daga ranar tsohuwar ta daina cin abinci. Ruwan da aka tafasa kawai take kurɓa, shi ma da rana. Ta ce ta ɗauki alkawari a gaban kakansu, ba za ta sa loma a baki ba sai sumar ta dawo hannunta. Da farko na ce barazana ce, na san irin ta tsofaffi. Har na sa ido ta kan katanga ko zan ga ana kai mata kwano a ɓoye. Ban gani ba. Abin da na gani shi ne ƙararrawar safe ta koma hannun surukar, don ita ba ta iya tashi tsaye. Da na shiga duba ta, na same ta kwance a tabarma kusa da dutsen, wuyanta ya zama kamar na tsuntsu. Yaron yana zaune kusa da ita da ƙwalƙwalin kansa, yana wasa da yatsunta. Matar ta biyo ni har ƙofa.

"Yaya, a wurinmu tsohuwa in ta fara irin wannan, ba a tilasta mata. Tana iya tafiya a haka."

Raina ya ɓaci ƙwarai, da ita, da tsohuwar, da dutsen, da ranar da na buɗe baki na yi wa wanzami magana. Na nemi izinin maigidana, na goya jaririna, na hau tasi zuwa Unguwar Kanawa. Na sami Baba a zaurensa yana wasa aska. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce yaron ba Musulmi ba ne, ya sani, amma kan yaro da aka sa a hannunsa amana ne, bai taɓa bambantawa ba. Sannan ya ajiye askar ya dube ni.

"'Yar nan, ke da hannunki za ki ɗauki gashin yaro ki miƙa wa dutse?"

A zuciyata ina bayansa. Na ce ni ban san komai game da dutse ba, kuma ban yarda da shi ba, abin da na sani tsohuwa tana mutuwa a bayan katangata, kuma ta bakina ya shiga gidan. Ya sake ɗaukar askar ya ci gaba da wasawa. Daga baya ya ce zai nuna wurin, amma hannunsa ba zai tona ba.

Muka dawo tare, ashe bai kai gashin ko'ina ba. Ya ce gashin yaro ba a raba shi da inda yaron yake kwana. Ranar askin zagayawa kawai ya yi, ya binne shi a lungun da ke tsakaninmu, a gindin darbejiya, dab da gidan tururuwa, don ya san yara ba sa tono a nan. Lokacin damina ne, an sha ruwa tun daga ranar, tururuwar ta faɗaɗa gidanta ta rufe wurin gaba ɗaya, sai kai da kawowa suke da ƙwayoyi a baki.

Aka tallabo tsohuwar aka zaunar da ita a kujera a bakin lungun. Na kawo fartanyarmu na ba mijin, don su ko ita ba su da. Ya ɗaga ke nan tsohuwar ta yi magana da harshensu, murya can ƙasa, ya tsaya da fartanyar a sama. Ta sa aka sauke ta ƙasa, ta durƙusa tana kallon tururuwar, ta daɗe a haka. Na tambayi matar me ta ce. Ta ce cewa ta yi mutumin da ya mutu don kada a taɓa shanu ba za a kai masa gashi da gawar tururuwa a jiki ba.

Na ce to yanzu mutuwa za ta yi ke nan? Kafin a ba ni amsa tsohuwar ta aiki ɗanta ciki. Ya fito da farantin. Ta ɗauki dutsen da hannu biyu, ta hure 'yan tururuwar da ke kan wata saiwa, ta ajiye shi a can, tsakanin saiwoyi biyu, kusa da inda Baba ya nuna. Ta dafa kan jikanta ta sunkuyar da shi. Matar ta ce mini tunda sumar ba za ta je wurin kakan ba, kakan ya zauna a wurinta. A ranar, kafin la'asar, aka dama mata wani abu mai ruwa-ruwa ta sha.

Baba wanzam ya dube ni, na dube shi. Shi da ya ɓoye gashi don kada ya kai ga dutse, ni da na hana yarana ko leƙa falonsu, ga dutsen nan mun jawo shi jikin katangata, bayan tagar ɗakin da yarana suke kwana. Na koma gida ina faɗa ni kaɗai, maigidana yana dariya har da riƙe ciki, na ce ya ci gaba, ranar da wani abu ya faru zai tuna.

Babu abin da ya faru, amma ban saki jiki ba. Na mayar da yaran ɗaya ɗakin. Duk sanda zan wuce lungun sai na karanta Ayatul Kursiyyu. Tsohuwar ta warware ta koma ƙasarsu hannu wofi, bayan wasu shekaru muka ji rasuwarta. Da masaƙu suka fara sallamar ma'aikata a shekarun casa'in, su ma suka haɗa kaya. Na zaci za su tafi da abinsu, har na fara murna. Matar ta ce in an kafa shi ba a ɗagawa. Ta riƙe hannuna a bakin mota, yaron ya zama ɗan saurayi yana jiran ta a ciki.

"Yaya, abu ɗaya. Kada a tona."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Wanda ya sayi gidan ya turo leburori su ja kwata ta cikin lungun. Da safe na ji ƙarar diga a bakin titi, na leƙa na ga sun ja igiya, ta bi daidai ta gindin darbejiyar. Ganye da ƙasa sun rufe dutsen, jan ma ya wanke, babu wanda zai bambanta shi da sauran duwatsu. In na yi shiru, kafin azahar an raba ni da abin da ya hana ni sakewa shekara da shekaru. Ina wannan tunanin na ga na ɗauko kujerata ta tsakar gida, na je na dasa ta a bakin lungun, na zauna. Babbansu, wani Bazamfare, ya ce Hajiya lafiya? Na ce su karkatar da igiyarsu ta ɗaya gefen. Ya tambaya me ke wurin.

Na ce gashin yaro ne aka binne.

Bai nemi ƙarin bayani ba. Ya cire turken igiyar ya matsar da shi, ni kuma ban tashi daga kujerar ba sai da kwatar ta wuce bishiyar.