Gona Ce, Ba Fili Ba

Da mahaifinmu ya rasu, rabona a gado shi ne gonar gero da ke bayan unguwar Badariya. Lokacin ina zaune da matata da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya a unguwar Nasarawa. 'Yarmu ta fari ta soma girma, har sai na fita waje in za ta canja kaya. Burina bai wuce ɗaki biyu da katanga ba.

Na kai bulo gonar, magini ya ja igiya. Ko haƙa ba mu fara ba sai ga ma'aikacin ofishin filaye a kan babur.

"Malam, wagga gona ta, ba hili ba," in ji shi. "Doka ta hana gini tun daga kwalbatin ga har fadama."

Na nuna masa gidajen da suka kewaye ni ta gefe uku. Ya ce su kafin dokar aka gina su. Na ce to me aka yarda in gina?

"Rumbu. Shi kam ba mu hanawa."

Ni ɗan manomi ne, na san in gari ya cinye gonaki tuwo zai gagari kowa. Sai dai wanda ya tsara dokar bai taɓa shuka gero a tsakiyar unguwa ba. Awakin maƙwabta kaf a gonata suke kiwo, ruwan wanka na bin kunyoyi, leda ta fi shuka yawa. Ɗan abin da ya tsira tsuntsaye su ƙarasa, tunda babu wata gona kusa. Na sa gonar a kasuwa. Manomi ya ce ai wannan fili ne, mai neman fili ya ce ai gona ce.

Haushi ya sa na gina rumbun, ƙato, na yi masa jinka mai kyau. Matata ta zo ta leƙa, ta ga 'yan dammuna a can ƙasa.

"Malam, gero ya samu ɗaki, mu dai shiru," ta ce. Na yi dariya, amma maganar ta yi mini ciwo ƙwarai.

Bayan girbi na kai 'yar tamu ta fari gidan yayata a Argungu, inda akwai ɗakin 'yan mata. Ba ta yi kuka ba. Ta rako ni har bakin zaure, ta riƙe hannun rigata.

"Baba, in anka gina ɗakin, ka zo ka ɗauke ni."

Na ce, "In sha Allahu," na juya na nufi tasha.