Orval Tackett da Baƙar Motarsa

Orval Tackett mijin yayata ne, Verlene. Rayuwarsa duka ya yi ta ne a kan babbar mota, yana jigilar gungumen itace daga tsaunukanmu na Kentucky, har bayansa ya gaza likita ya sauke shi. Zaman gida ya gagare shi. Ya fita baranda, ya dawo, ya leƙa firji, ya sake fita. Ƙofar kicin da babu abin da ya same ta ma sai da ya cire ya mayar.

"Tsoho, ko ka samu abin yi ko ni in bar maka gidan," in ji Verlene.

Sai ya jawo wata baƙar mota ƙirar 1987 daga rumbun wata bazawara, irin masu dogon gaba da ƙaton inji. Lafiyarta ƙalau. Abin da ya tsone masa ido shi ne na'urar da ke auna wa injin mai.

"Suruki, duba nan," ya ce mini, yana jan wayoyi. "Wannan akwatin ne zai gaya wa motata abin da za ta sha? Ni ina raye?"

Ya tumɓuke komai ya ɗora kafireta mai baki huɗu. Na ce masa famfon man da ke cikin tanki ya fi ƙarfin kafireta, ya ce ya ji. Bai ji ba. Ranar da ya fara tayar da ita, fetur ya tumbatso, wuta ta tashi ta lashe masa gira. Verlene ce ta fito a guje da jiƙaƙƙen bargo.

"Ga ka nan kamar dafaffen ƙwai," ta ce.

Ya gyara famfon, amma bai huta ba. Yana cikin cin wake da burodin masara sai ya ajiye cokali, wai ya tuna wani noti. In sanyi ya sauko motar ba ta tashi sai an lallashe ta, har fasto ya saba ganin shi da Verlene suna shigowa coci a tsakiyar wa'azi, suna warin fetur.

Da bazara Orval ya kai motar filin tsere na bayan gari, inda motoci bibbiyu ke fafatawa a miƙaƙƙiyar hanya ranar Asabar. Yana taka kulocin farko bayansa ya riƙe. Ni da Verlene muka zaro shi, yana zagin likita.

Verlene ta karɓi hular kwano daga hannunsa. Ta daɗe tana tuƙa bas ɗin makaranta kafin ta yi ritaya.

"Ke! Wannan fa ba bas ba ce!"

"Matsa min, kar in taka ka."

Wani mai gyaran rufi ne ya kara da ita, ya kuwa tsere mata nesa. Ta dawo ta cire hula, fuskarta ja wur.

"Tana shaƙewa in na sa giya ta biyu," ta ce. "Gyara min."

Orval ya tsaya baki buɗe, sannan ya ɗingisa ya ɗauko sukundireba.

Haka suka ci gaba. Ita tana tuƙi, shi yana kai da komo a bakin shinge, yana ihun da ba ta ji. Ta ci wasu, wasu suka ci ta. A gida kuwa faɗa sabo ya ɓarke, domin duk lokacin da motar ta daidaita sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi, ya sake kwance kafiretar. Ƙarshe ta sa wa bonet ɗin kwaɗo, makullin a jakarta.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi bara, yana wanke falogi a gareji. Na tambayi Verlene ko za ta sayar da motar. Ta ce ba yanzu ba, ta riga ta sa suna a tseren kaka, kuma yanzu aikin gyara ya dawo kaina, domin giya ta biyun ta soma shaƙewa.